Sanin Gaɓa Kafin Yanka: Rarraba Sassan Samfurin Aro a Manhajar Hoto Mai Motsi

1.0 Gabatarwa

Babu abin da ke motsi sai yana da inda ya rabu da abin da ke kusa da shi. Ƙyauren ɗaki yana buɗuwa ne domin ba a gina shi haɗe da bango ba, rataya shi aka yi. Hannun mutum yana lanƙwashewa domin akwai gaɓa tsakanin damtse da sangali. Tayar keke tana juyawa domin ita daban, ƙarfen da ke riƙe da ita daban. Da maƙeri zai narkar da keke ya zuba shi dunƙule guda, da za a sami abin kallo, amma ba za a sami abin hawa ba. Wannan magana ce da kowane yaro ya sani ko da bai taɓa furta ta ba, kuma ita ce ginshiƙin aikin da wannan rubutu zai duba.

A da, kayan koyarwar malami ba su wuce allo da alli da kwali da yumɓu ba. A yau malamin da ya mallaki ƙaramar kwamfuta yana iya nuna wa ɗalibansa yadda duniya ke kewaya rana, ko yadda famfon burtsatse ke jawo ruwa, ko yadda sarƙar keke ke juya taya. Ba lallai ne ya ƙera siffar da kansa ba, domin akwai dubban siffofi da wasu suka ƙera suka ajiye a intanet. Irin wannan siffa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda ake iya juya ta a kalle ta ta kowace fuska, ita za a riƙa kira samfuri a nan. Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa samfurin yakan iso ne a dunƙule. Malami ya taɓa taya da nufin juya ta, sai keken gaba ɗaya ya wuntsila. Daga nan wasu kan rufe kwamfuta su koma ga alli, suna ganin aikin ya fi ƙarfinsu, alhali abin da ya rage musu shi ne sanin inda ake yanka.

2.0 Gaɓa Ta Girmi Kwamfuta

Raba jiki zuwa sassa domin a motsa shi tsohuwar dabara ce. A shekarar 1926 wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta fitar da dogon fim na labarin Yarima Ahmad, wanda ta yi da siffofin da ta yanka daga kwali da fallayen darma. Kowace siffa ta yanka mata hannu daban, ƙafa daban, kai daban, sannan ta haɗa su da siririyar waya. Takan gusa gaɓa kaɗan ta ɗauki hoto, ta sake gusawa ta sake ɗauka. A Jamhuriyar Nijar kuwa, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. A fim ɗinsa na Samba le Grand na 1977 ya yi amfani da 'yan tsana ne, yana sauya musu tsayuwa tsakanin hoto da hoto. Ido ne ke haɗa waɗannan hotuna ya ga motsi idan aka jero su da sauri, wato hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya bisa al'adar silima.

Da kwamfuta ta shigo, almakashi da waya suka koma lissafi, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Fim ɗin Toy Story na 1995 shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta. A wancan lokaci manhajojin aikin suna hannun manyan kamfanoni ne saboda tsada. Manhajar Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙiro, ita ta buɗe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi. Bayan kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe, sai masu amfani da ita suka yi karo-karo a 2002, suka tara Yuro 100,000 cikin mako 7, aka fanso ta ta zama ta kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya lashe kyautar Oscar a 2025. Saboda kyauta ce, da ita za a riƙa ba da misali a nan. Manhajoji irin su Maya da 3ds Max suna da makamantan waɗannan umarni, sunayen ne kawai suka bambanta.

3.0 Dalilin Zuwan Samfuri a Dunƙule

A wurin kwamfuta, samfuri raga ce. Akwai ɗigo-ɗigo a sarari, akwai layukan da suka haɗa ɗigo da ɗigo, akwai kuma fuskokin da layukan suka kewaye. Kwamfuta ba ta san taya ba, ba ta san sirdi ba. Abin da ta sani shi ne wane ɗigo ke haɗe da wane, da kuma sunan da mai ƙira ya laƙaba wa wani rukunin ɗigo, idan ya laƙaba.

Wannan suna da wannan rabo su ne ke yawan salwanta a hanya. Kowace manhaja tana da irin fayil ɗinta, don haka idan za a kai samfuri daga wata zuwa wata sai an zuba shi a mazubin da dukkansu suka sani. Mazuban kuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Fayil ɗin STL, wanda aka ƙirƙiro a 1987 domin injinan da ke buga abu mai jiki, ba ya ɗaukar kome sai fuskoki masu kusurwa uku. Babu fenti, babu ƙashi, babu bayanin abin da ke rataye a jikin wani. Fayil ɗin OBJ yana iya riƙe sunayen rukuni da na fenti, amma ba ya ɗaukar motsi, ba ya kuma tuna inda kowane sashe ke juyawa. FBX, wanda ke hannun kamfanin Autodesk tun 2006, da glTF, wanda zubinsa na biyu ya fito a 2017, su ne ke iya ɗauko sassa da jerinsu da ƙasusuwa da motsi. Duk da haka, idan mai ƙira ya haɗe sassan kafin ya fitar da fayil, to a haɗe za su iso ko da wane mazubi aka yi amfani.

Ɗalibin Hausa ya riga ya san irin wannan lamari a darasin aron kalmomi. Kalmomin alƙali da alƙalami da allo sun shigo Hausa daga Larabci ɗauke da “al” a goshinsu. A Larabci wannan “al” ɗafi ne mai nuna sananne, ana sa shi ana cire shi. Da kalmomin suka ƙetaro, sai mahaɗar ta ɓace, Bahaushe ya karɓe su dunƙule guda, ya yi musu jam'i ya ce alƙalai da alƙaluma da alluna. Haka sukurudireba take, kalma biyu ce aka haɗa a Ingilishi, dunƙule ɗaya ce a Hausa. Abin da aka aro yakan bar bayanin gininsa a gida. Bambancin kawai shi ne, harshe ba ya asarar kome idan alƙali ya zauna a dunƙule, amma keken da ya zauna a dunƙule ba zai koyar da kowa yadda keke ke aiki ba.

4.0 Shiri Kafin Wuƙa

Mai hankali ba ya fara yanka da zarar samfuri ya bayyana. Da farko yakan adana kwafi na asali a gefe, domin Blender, in ba an sauya mata tsari ba, taku 32 kaɗai take iya komawa baya, kuma wanda wutar lantarki ta taɓa yanke wa aiki ya san darajar ajiya. Na biyu, yakan duba jerin sunayen da ke gefen allo. Wani lokaci sassan a rabe suke, an dai rataya su ne ƙarƙashin abu guda, ka ga babu buƙatar yanka. Idan fayil ɗin OBJ ne, akwai zaɓi tun a wurin shigo da shi na a raba shi bisa rukunonin da mai ƙira ya rubuta. Sake shigo da fayil da wannan zaɓi yakan rage aikin yini guda ya koma na minti ɗaya.

Na uku, yakan daidaita girma da tsayuwa. Manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan inda sama take ba: a Blender layin Z ne ke kallon sama, a Maya kuwa layin Y ne bisa al'ada. Wasu suna awo da mita, wasu da santimita. Shi ya sa samfuri kan iso a kwance, ko ya iso ƙato ya cika allo, ko ɗan mitsitsi har ba a ganinsa. Gyara wannan a jikin abu ɗaya ya fi sauƙi a kan gyara shi a jikin sassa 20. Bayan an miƙe shi an daidaita girmansa, sai a danna Ctrl da A domin a tabbatar masa da sabon halin a matsayin halinsa na asali.

5.0 Hanyoyi Uku na Rarrabawa

Idan an zaɓi samfuri aka danna maɓallin Tab, manhaja takan buɗe ragar a ga ɗigo da layi da fuska. Danna maɓallin P a wannan hali yana kawo zaɓi guda 3.

Na farko shi ne rabawa bisa abin da mutum ya zaɓa da hannunsa. Ita ce hanya mafi jinkiri, ita ce kuma mafi tabbas. Akwai dabarar da ke sauƙaƙa ta: idan aka ɗora kibiyar linzami a kan wani yanki aka danna L, duk abin da ke haɗe da wurin zai zaɓu. Ta haka ake tattara roba da ƙarfen taya da wayoyinta, a cire su a matsayin taya guda. Abin da ya tare wa mutum gani sai ya ɓoye shi da maɓallin H har ya gama.

Na biyu shi ne rabawa bisa fenti. Duk fuskokin da aka shafa wa abu iri ɗaya za su fita tare. Wannan yana da amfani idan ana son a ware gilashin mota daga jikinta. Amma a keke, robar tayar gaba da ta baya da ta maƙallin hannu za su iya fitowa a matsayin abu ɗaya domin duk baƙar roba ce, alhali ba tare suke motsi ba.

Na uku shi ne rabawa bisa saki, wato duk yankin da babu layin da ya haɗa shi da wani ya zama abu mai zaman kansa. Wannan ita ce hanyar da ke ruɗin sabon shiga, domin dannawa ɗaya ce. Idan samfurin kujera ne mai ƙafa 4 da mazauni da majingina, sai a sami sassa 6 cif. Idan kuwa keke ne mai waya 36 a kowace taya, to wayoyin kaɗai sun ba da 72, ba a zo ga ƙusoshi da ƙwayoyin sarƙa ba. Bugu da ƙari, fayil irin glTF yakan ninka ɗigo a wuraren da fentin samfuri ke da ɗinki ko inda kusurwa ke da kaifi. Ido zai ga jiki ɗaya sumul, amma a wurin kwamfuta faci-faci ne da aka jera. Maganin wannan shi ne a fara haɗe ɗigon da suka hau kan juna, ta hanyar umarnin da ke ƙarƙashin maɓallin M, kafin a raba. A nan ma sai da lura, domin idan aka faɗaɗa tazarar haɗewar fiye da kima, taya za ta manne da ƙarfen da ke riƙe da ita, ƙananan ƙusoshi kuma su murƙushe.

Nazarin ƙirar kalma yana da abin faɗa a nan. Kalmar makaranta tana yankuwa ta hanya biyu. Ta fuskar furuci gaɓa 4 ce: ma-ka-ran-ta. Ta fuskar ma'ana kuwa kashi 3 ce: ɗafa-goshi “ma”, da saiwa “karant”, da ɗafa-ƙeya “a”. Duk yankan biyu daidai ne, amma wanda ke son ya gane dangantakar makaranta da karatu da makaranci, yankan farko ba zai amfane shi ba. Rabawa bisa saki ta yi kama da yankan gaɓar furuci, tana bin inda abu ya tsinke a zahiri. Mai son motsi kuwa yankan ma'ana yake nema, wato ya bi aikin da kowane sashe ke yi.

6.0 Darasi Daga Bakin Mai Gyaran Keke

Wani ɗalibin koyon malanta, a lokacin da aka tura shi gwajin koyarwa, ya so ya nuna wa 'yan ƙaramar sakandare dalilin da ya sa taya ke juyawa fiye da yadda ƙafa ke juya feda. Ya samo samfurin keke mai kyau, ya shigo da shi, ya zaɓi hanya ta uku. Nan take jerin sunayen ya cika da ɗaruruwan gutsattsari, dukkansu suna ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta su. Ya kwana biyu yana neman wane ne wane, kwamfutar kuma tana ta nauyi. Ranar da za a zo duba shi a aji tana matsowa.

A rana ta uku ya kai nasa keken faci wurin wani dattijo mai gyara a bakin kasuwa. Yana zaune a benci yana jira, sai ya ce, “Baba, don Allah a jikin keken nan abubuwa nawa ne ke motsi?”

Dattijon ya kifa keken a kan sirdinsa, ya juya feda da hannu, ya ce, “Malam, in keke na tafiya ai kome na tafiya. Amma masu juyawa don kansu ba su da yawa. Ka ga wayoyin nan? Ba wadda ke zuwa ko'ina ita kaɗai, inda taya ta je nan suke zuwa. Ranar da ka ga waya ɗaya na rawa ita kaɗai, to ta tsinke ke nan, sai ka kawo mini.”

Suka ƙirga tare: gangar jikin keke da sirdi, ɗaya, kan keke da ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, biyu, tun da tare suke karkata, tayar gaba, tayar baya da ƙaramin farantinta mai haƙora, babban faranti da hannayen feda, feda ta dama, feda ta hagu, sai sarƙa. Sassa 8 ke nan, ban da birki, wanda darasin bai shafe shi ba. Ɗalibin ya koma ga kwafin da ya adana, ya bi hanya ta farko, ya fitar da sassa 8, ya raɗa wa kowanne suna da Hausa. Bai buƙaci sabuwar manhaja ko babbar kwamfuta ba. Ilimin da ya rasa yana hannun mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, amma ya shekara yana kwance keke yana ɗaurawa.

7.0 Cibiya da Jerin Uwa da 'Ya

Yanka rabin aiki ne. Kowane abu a manhaja yana da wani ɗigo guda da yake juyawa a kansa, wanda za a iya kira cibiya. Idan aka raba samfuri, duk sassan sukan gaji cibiyar uwarsu. Saboda haka, in aka ce tayar da aka cire ta juya, sai a ga ta tashi tana kewaya tsakiyar keke kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Dole a mayar wa kowane sashe cibiyarsa. Ga abu mai da'ira kamar taya, umarnin da ke kai cibiya tsakiyar jiki ya wadatar. Ga ƙyaure kuwa, tsakiyar jiki kuskure ne, domin ƙyaure a gefensa yake juyawa, inda aka rataya shi. A irin wannan hali sai a zaɓi ɗigon da ke daidai wurin ratayar, a kai alamar manhaja can da Shift da S, sannan a umarci cibiya ta koma inda alamar take.

Bayan cibiya sai jeri. Sassan da aka raba ba su san juna ba, idan gangar jiki ta yi gaba za ta bar tayoyi a baya. Ana gyara wannan da Ctrl da P, wanda ke mayar da wani sashe 'ya, wani uwa. Duk inda uwa ta je 'ya na biye, amma 'ya tana iya motsinta ba tare da ta ja uwa ba. A keke, gangar jiki ita ce uwar kowa. Kan keke ɗanta ne, tayar gaba kuma 'yar kan keke ce, domin idan aka karkata kai dole taya ta karkata. Fedoji 'ya'yan hannayen feda ne, sai dai kowace tana juyawa saɓanin hannunta domin ta zauna a shimfiɗe ƙarƙashin tafin ƙafa. Idan an yi kuskuren raba abin da bai kamata ba, Ctrl da J yana sake haɗe shi. Sarƙa ita ce mai wuyar sha'ani, domin kowace ƙwaya tana bin lanƙwasar hanya. Masu aikin sukan ɗauki ƙwaya ɗaya su maimaita ta a kan layin da ya kewaye farantan biyu.

A nan ne amanar malami take. A ce babban faranti yana da haƙori 48, ƙarami yana da 16. Duk juyi ɗaya na feda, tayar baya za ta yi juyi 3. Idan feda ta cika digiri 360 a cikin hoto 24, to taya sai ta cika digiri 1,080 a daidai wannan lokaci. Idan faɗin taya santimita 70 ne, kewayenta ya kusa santimita 220, don haka keken zai ci kusan santimita 660 a juyin feda ɗaya. Malamin da ya sa lambobin da ya ga dama zai sami hoto mai ban sha'awa, amma tayar za ta riƙa sulɓi a ƙasa, kuma yara za su tafi gida da ƙarya a idonsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya gani a allo ya fi zama a ransa a kan abin da aka faɗa masa, ko da abin da ya gani ɗin kuskure ne.

8.0 Abin da Ba a Yankawa

Ba kowane samfuri ne ke son wuƙa ba. Inji da mota da ƙofa sassa ne masu tauri, kowanne yana juyawa ba tare da ya sauya siffa ba. Jikin mutum ko na doki kuwa fata ɗaya ce ta lulluɓe shi. Wanda ya yanke hannun samfurin mutum a kafaɗa zai tarar da rami, domin raga ba ta da ciki, kamar ƙwarya take. Da zarar hannu ya ɗaga, ramin zai bayyana. Ga irin wannan jiki, ƙwarangwal ake dasawa a ciki, a ba kowane ɗigo nauyi tsakanin 0 da 1 gwargwadon yadda kowane ƙashi zai ja shi. Ɗigon da ke tsakiyar damtse yana bin ƙashi ɗaya kacokan, wanda ke kan gwiwar hannu kuwa ƙashi biyu ne ke raba shi, shi ya sa fatar ke lanƙwashewa ba ta yage ba. Abin da akan ware a irin wannan samfuri bai wuce ƙwayar ido da haƙora da hula da abin da ke riƙe a hannu ba. Haka kuma, idan samfuri ya zo da ƙwarangwal ɗinsa, to mai ƙira ya riga ya yi aikin, abin da ya rage shi ne a koyi motsa ƙasusuwan.

9.0 Haƙƙin Mai Abu

Samfurin da ke intanet yana da mai shi. Da yawa daga masu ƙira suna sakin aikinsu ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya fara fitowa a 2002, kuma lasisin iri-iri ne. Mai alamar BY yana neman a ambaci sunan mai ƙira. Mai alamar NC ya hana a yi kasuwanci da shi. Mai alamar ND ya hana a yaɗa shi bayan an sauya masa kama, wanda ke nufin malamin da ke da niyyar yankawa da motsawa da rarraba wa abokan aiki gara ya nemi wani. Mai alamar CC0 kuwa an sallama shi ga jama'a baki ɗaya, kamar yadda cibiyar Smithsonian ta Amurka ta yi da ɗimbin hotuna da samfuran kayan tarihinta a 2020. Malamin da ke hukunta ɗalibi a kan satar amsa bai kamata a same shi da goge sunan wanda ya yi wahalar ƙira ba. Rubuta sunan a ƙarshen hoton ba ya cin daƙiƙa 5, kuma shi kansa darasi ne ga masu kallo.

10.0 Kammalawa

An ga cewa samfuri yana zuwa a dunƙule ne saboda mazubin da ya ɗauko shi ko saboda yadda mai ƙira ya fitar da shi. An ga hanyoyi 3 na rarraba shi, da inda kowace ke da amfani da inda take ɓata aiki. An kuma ga cewa bayan yanka akwai gyaran cibiya da jera uwa da 'ya da lissafin motsi, sannan akwai jikin da ƙwarangwal yake buƙata maimakon wuƙa. Maɓallan da aka ambata za su iya sauyawa idan manhaja ta sabunta, amma tambayar da mai gyaran keke ya amsa za ta ci gaba da zama ta farko: me ke motsi don kansa, me ke bin wani?

Malamin gobe zai yi ta karɓar kayan aro, littafi ne ko tsarin darasi ko hoto ko samfuri, mafi yawansu an yi su ne domin wasu yara a wata ƙasa. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ɗauke su a dunƙule ya ajiye a gaban aji zai tarar ba su amsa tambayar da yaransa ke yi ba. Wanda ya farfasa su ba tare da nazari ba zai kwana yana tsintar gutsattsari. Saboda haka, kafin malami ya danna maɓalli, ya kamata ya je ya kalli ainihin abin da yake son koyarwa, ya tambayi masu sana'arsa, ya ɗauki takarda ya rubuta sassan da ke motsi da inda kowanne ke juyawa, sannan ya buɗe kwamfuta.